Tabon bayan ido da tazarar da ke tsakanin Mai Wurno da likita

A garin Mai Wurno da ke gaɓar Shuɗin Nilu kudu da Sinnar a Sudan, inda Muhammadu Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya sauka da jama'arsa bayan yaƙin Burmi na 1903, idan gani ya dusashe abin da ake fara cewa shi ne yana ce ta fito. Yanar ido tana jira. Akwai kuwa ciwon da ba ya jira: tantanin nan mai karɓar haske da ke manne a bangon bayan ido ya yage, ruwa ya shiga ƙarƙashinsa ya ɗaga shi. Mai ciwon kan ga walƙiya da rana tsaka, baƙaƙen ɗigo su riƙa yawo, sai duhu ya taso daga gefe guda. Babu zafi, shi ya sa ake sakaci.

Tun shekarun 1920 Jules Gonin na Lozan ya nuna cewa toshe yagewar ita ce magani, kuma a farkon shekarun 1970 Robert Machemer ya fito da aikin kwashe ruwan nan mai yauƙi da ke cike da ƙwayar ido. Amma kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na masu wannan ciwo tabo yana ɓata musu aikin, abin da likitoci suka laƙaba wa suna PVR a 1983.

Ga yadda tabon ke samuwa: ƙarƙashin tantanin akwai shimfiɗar ƙwayoyin halitta masu baƙin launi, a jere, kowace riƙe da 'yar uwarta. Da zarar an sami ɓaraka sai su saki juna su malalo cikin ido. Can suke tarar da sinadaran kumburi irin su TGF-beta, da faibironektin da ya tsiyayo daga jini. A jikin kowace ƙwaya akwai ƙananan maƙalai da ake kira intigirin; da su take cafke faibironektin ta zauna a fuskar tantanin. Daga nan halinta ya sauya: ta miƙe, ta hayayyafa, ta fara saƙa kolajin, ƙwayoyin Müller na cikin tantanin su shigo su taya ta. Abin da suka saƙa ba ya zama lafiya. Takurewa yake yi kamar ɗanyar fatar da aka shanya ba a kafe ta ba, ya tattare tantanin, ya sake ɓanɓaro shi, galibi cikin makonni ko 'yan watannin farko bayan tiyata, lokacin da dangi sun gama zuwa barka.

Masu bincike sun daɗe suna neman maganin da zai hana wannan mannewa. A asibitin Moorfields na Landan an gwada haɗa 5-FU da hefarin, a Amurka an gwada allurar metotireksat cikin ido, amma har yau wuƙar likita ce abin dogaro. Binciken yana da amfani, sai dai ga mutumin Mai Wurno ba nan gizo ke saƙar ba. Gwargwadon daɗewar tantani a ɗage, gwargwadon yawan ƙwayoyin da suka ɓalle. Rahoton David Yorston da abokan aikinsa daga Kikuyu ta Kenya a 2002 ya nuna mafi yawan marasa lafiya sun iso ne bayan tsakiyar gani ta riga ta ɗaga.

Kafin 2023, likitocin da suka iya wannan aiki a Sudan yawancinsu a Khartum suke, kusan kilomita 300 daga Sinnar. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya tarwatsa asibitocin birnin, Wad Madani da aka gudu can ita ma ta faɗi a Disambar shekarar, sai a Janairun 2025 soja suka karɓe ta. Mai hali ya nufi Alƙahira, can ma da sharaɗi: idan an cika masa ido da iskar gas ba zai hau jirgin sama ba sai ta baje, domin kumbura take yi a sama. Idan man silikon aka zuba, wanda aka fi zaɓa wa mai tabo, akwai wata tiyatar ta cire shi bayan watanni.

Saboda haka gyaran da ya fi araha yana hannun ma'aikacin ɗakin shan-magani na ƙauye: ya san cewa mai ganin walƙiya da duhun gefe ba ɗigon ido ake ba shi ba, mota ake nema masa a ranar, kuma wanda ya dawo daga tiyata a rubuta masa ranakun komawa kafin ya koma gonar auduga.