Kuɗin Asibiti Kafin Biza: Yadda Birtaniya Ta Daina Yi wa Ɗaliban Waje Magani Kyauta

Lokacin da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tafi Landan ƙaro ilmi a 1945, babu wani tsarin magani kyauta ga kowa a Birtaniya. Sai ranar 5 ga Yuli, 1948, aka buɗe hukumar kiwon lafiya ta ƙasa, wadda aka fi sani da NHS, a hannun ministan lafiya Aneurin Bevan. Ƙa'idarta ita ce a yi wa mutum magani gwargwadon larurarsa, ba gwargwadon aljihunsa ba, kuɗin kuwa ya fito daga haraji. Ɗaliban da suka biyo baya daga Legas, Kano, Akara da Firitawun sun shiga wannan inuwa ba tare da an tambaye su kwabo ba.

Tun a lokacin akwai masu gunaguni cewa baƙi na cin arzikin da ba su tara ba. Bevan ya amsa musu a littafinsa na 1952. Hujjarsa ta ƙunshi mutunci da lissafi: hana baƙo magani rowa ce, kuma kafin a rarrabe baƙo da ɗan gida dole ne kowa ya riƙa yawo da takardar shaida, abin da zai ci kuɗi da lokaci fiye da ɗan abin da baƙin ke ci. Duk da haka, majalisa ta riga ta ba gwamnati ikon cajin waɗanda ba mazauna ƙasar ba tun 1949. Wannan iko ya kwanta cikin kundi fiye da shekara talatin, babu wanda ya taɓa shi.

Gwamnatin Margaret Thatcher ce ta kakkaɓe masa ƙura. A 1980 ta sa ɗaliban waje su riƙa biyan cikakken kuɗin makaranta, a 1982 kuma ta fara cajin baƙi kuɗin jinya a asibiti. Amma har zuwa 2015, ɗalibin da karatunsa ya kai wata shida ana yi masa magani kamar ɗan ƙasa.

Babban sauyin ya zo ne daga ma'aikatar harkokin cikin gida, ba ta lafiya ba, kuma wannan kaɗai ya isa mai karatu ya gane manufarsa. Dokar shige da fice ta 2014, lokacin da Theresa May ke riƙe da ma'aikatar, ita ta ƙirƙiro kuɗin lafiya da ake haɗawa da biza. Ya fara aiki a Afrilun 2015: fam 150 a shekara ga ɗalibi, fam 200 ga sauran masu biza ta fiye da wata shida. A Janairun 2019 na ɗalibi ya koma fam 300, a Oktoban 2020 ya zama 470, a Fabrairun 2024 ya kai 776. Ninki biyar ke nan da ɗoriya cikin shekara tara. Ƙarin ƙarshe ma, gwamnatin Rishi Sunak ba ta ɓoye dalilinsa ba: ta ce zai taimaka wajen biyan ƙarin albashin ma'aikatan gwamnati, ciki har da likitoci.

Mutane da yawa suna kiran wannan kuɗi inshora, amma a ganina sunan bai dace da shi ba. Inshora ana zaɓarta, ana kwatanta farashinta. Wannan kuwa ko kana da inshorar kamfani mai zaman kansa sai ka biya shi, ko ba ka taka ƙofar asibiti ba har ka gama karatu ba za a mayar maka ba, kuma ana karɓar na tsawon bizar gaba ɗaya tun kana gida, kafin a duba takardarka. Kowane mutum da kansa: mata, miji, har jariri na goye. Ɗauki mai digirin digirgir na shekara uku. Bizarsa kan ɗara shekara uku da ’yan watanni, sai a lissafa masa uku da rabi, wato fam 2,716. In zai tafi da matarsa da ’ya’ya biyu, fam 10,864 ke nan, alhali a 2015 iyalin nan fam 2,100 za su biya. Matar kuma in ta kama aiki can, za a cire mata haraji irin wanda ke tafiyar da asibitocin tun farko.

A yi adalci, abin da ake samu ba kaɗan ba ne. Ganin likita, tiyata, awon ciki da haihuwa duk suna ciki, kuma ba a korar mutum don yana da tsohon ciwo kamar sikila ko ciwon suga. Abin da ya rage masa shi ne abin da ɗan ƙasa ma yake biya: haƙori, gwajin ido, da kuɗin takardar magani a Ingila (a Sikotilan da Wales wannan kyauta ne). Baƙon da bai shiga tsarin ba, kamar gyatumar da ta je zaman jego da bizar ziyara, in ta kwanta asibiti a Ingila ana cajinta kashi 150 cikin ɗari na farashin jinya, bashin fam 500 kuma yana iya hana ta biza nan gaba.

’Yan Nijeriya ne suka fi jin nauyin nan, domin su suka fi tafiya da iyali. A 2022 an ba iyalan ɗaliban Nijeriya biza sama da 60,000, fiye da na kowace ƙasa, har adadin ya ɗara na ɗaliban kansu. Sai abubuwa uku suka haɗu musu cikin wata takwas. A Yunin 2023 aka saki naira, darajar fam ta ninka kusan sau uku. Daga 1 ga Janairu, 2024, aka hana masu digiri na biyu na aji zuwa da iyali, in ban da masu karatun bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Wata guda bayan haka kuɗin lafiyar ya tashi daga 470 zuwa 776, neman bizar karatu daga Nijeriya kuma ya faɗi warwas a wannan shekarar.