Maƙeran Modena da motocin da ba sa zuwa cefane

Tsakanin Bologna da Modena, a arewacin Italiya, tafiyar ba ta wuce kilomita 40 ba, kuma ba abin da ido zai gani sai shimfiɗaɗɗiyar ƙasar noma: gonakin inabi, rumbunan ciyawa, shanun tatsa, da hazo mai kauri idan sanyi ya shigo. Amma a wannan ɗan tsukin aka haifi yawancin motocin da samari ke liƙa hotunansu a bangon ɗaki. Ferrari na Maranello, Maserati na cikin Modena, Lamborghini na wani ƙauye da ake kira Sant'Agata, De Tomaso da Pagani ma suka zo suka kafa nasu. Duk wanda yake ja-in-ja da zuciyarsa yau kan ko ya sayi tsohuwar motar ƙawa ta Italiya ko sabuwa mai tashi da bugu ɗaya, a nan gardamarsa ta samo asali.

Ni abin da ya fara ja na ga tarihin wurin shi ne asalin mutanen. Ba 'ya'yan sarauta ba ne, 'ya'yan maƙera ne da manoma. Mahaifin Enzo Ferrari ƙaramar maƙera gare shi a Modena, yana yi wa hukumar jirgin ƙasa aikin ƙarfe, kuma a gidan da ke manne da maƙerar aka haifi Enzo a 1898. 'Yan'uwan Maserati, waɗanda suka buɗe garejinsu a Bologna a 1914, fulogi suke ƙerawa suna gyara motocin tseren wasu, kafin iyalin Orsi su sayi kamfanin su maido shi Modena a 1940. Ferruccio Lamborghini ɗan manoman inabi ne. Bayan yaƙin duniya na biyu ya riƙa tattara ragowar motocin soja yana harhaɗa su suna zama tarakta, a haka ya yi kuɗi. Ƙasa ce da kowane ƙauye yake da mai gyaran garma da famfon ban ruwa, saboda haka hannun da ya san ƙarfe bai taɓa wuyar samu ba.

Enzo tsere ne a ransa, ba ciniki ba. Ya tuƙa wa Alfa Romeo, ya kafa ƙungiyar tserensa a 1929, ya koma Maranello a 1943, kuma sai a 1947 mota ta farko mai ɗauke da sunansa ta fito, wato 125 S, mai silinda 12 a injin da bai wuce lita ɗaya da rabi ba. Motocin titi da ya riƙa sayar wa attajirai hanyar samun kuɗin tsere ce kawai, bai kuma ɓoye hakan ba. Wannan ya bayyana halin motocin gaba ɗaya. Mai saye baƙo ne a gidan. An ba shi injin tsere, an ɗora masa kujerar fata, sauran kuma ya ji da kansa.

Jikin motar ma ba a masana'antar ake yinsa ba. Akwai masu bugun bodi, kuma wanda ya fi shahara a Modena shi ne Sergio Scaglietti, wanda ya shiga koyon sana'ar yana ɗan shekara 13. Yadda suke aikin ya cancanci a tsaya a kai. Za a lanƙwasa siraran sandunan ƙarfe a fitar da siffar motar, kamar kwarangwal. Sai a ɗauko fallen alminiyum a ɗora kan buhun yashi ko kututturen itace, a yi ta bugu da guduma, a kai kan kwarangwal ɗin a gwada, a dawo a ƙara bugu, har fallen ya kwanta. Ido da tafin hannu su ne ma'auni. Shi ya sa a cikin Ferrari 250 GTO guda 36 da aka ƙera daga 1962 zuwa 1964 da wuya ka sami biyu da suka zo daidai, kuma ƙofar wannan ba lallai ta shiga waccan ba sai an sake bugu. A wancan lokacin aibi ne da ake haƙuri da shi. A 2018 an sayar da ɗaya daga cikinsu a gwanjo kan dala miliyan 48 da ɗoriya.

Abin dariyar shi ne Lamborghini kansa ƙorafin mai saye ne ya haife shi. Labarin da Ferruccio ya riƙa bayarwa da bakinsa shi ne, kulocin Ferrarinsa ya ishe shi da lalacewa, ya je ya sami Enzo, Enzo kuwa ya nuna masa cewa mai tarakta ba shi da bakin magana a kan motar tsere. Ko an ƙara wa labarin gishiri ko ba a ƙara ba, a 1963 ya buɗe nasa kamfanin, kuma burinsa mota ce mai gudu wadda ba ta wahalar da mai ita, mai shiru, mai sanyin zama. Ta farkon, 350 GT, haka take. Sai yaransa suka yi masa shigo-shigo ba zurfi. Injiniyoyi uku matasa, Gian Paolo Dallara da Paolo Stanzani da Bob Wallace ɗan New Zealand, suka riƙa zama bayan an tashi aiki suna zana wata mota da injinta ke kwance a gicciye bayan kujerar direba. Marcello Gandini ya zana mata jiki, ta bayyana a baje kolin Geneva a 1966 da sunan Miura.

A ganina ba a taɓa ƙera mota mai kyawunta ba, kuma ba zan yi musu da kowa a kan wannan ba. Amma a ji halinta. Tankin mai a gaba yake, don haka idan mai ya ja baya hancinta sai ya yi sauƙi ya fara ɗagawa a tsakiyar gudu. A na farko-farko, inji da giya bakin mai ɗaya suke sha. Kafiretocinta suna zaune dab da bayan kan direba, in fetur ya taru ya zuba kan inji mai zafi sai wuta, kuma ba ɗaya ba ba biyu ba sun ƙone a haka. Zafin cikinta kuwa ba a magana. Ƙanwarta Countach, wadda ta fito kasuwa a 1974, ta ƙara da nata: ba a ganin baya, sai direba ya ɗaga ƙofa sama, ya zauna a dokin ƙofar, rabin jikinsa a waje, sannan ya yi ribas. Duk da haka Sarkin Iran na lokacin sai da ya mallaki Miura, haka ma mawaƙa da taurarin fim. Duka Miurar da aka ƙera ba su kai 800 ba.

Tsadar mai ta 1973 ta kusa kashe sana'ar. Ferrari ya tsira ne don Fiat ta riga ta sayi rabinsa a 1969. Citroën ta saki Maserati a 1975. Ferruccio ya sayar da hannun jarinsa ya koma noman inabi a Umbria, kamfanin ya karye a 1978, ya yi ta yawo daga hannu zuwa hannu har Chrysler ta Amurka ta riƙe shi na ɗan lokaci daga 1987.

Amma wanda ya sauya sana'ar daga tushe ba Bature ba ne. A 1989, shekara guda bayan rasuwar Enzo, Honda ta nuna NSX a Chicago, ta fara sayarwa a 1990. Inji a tsakiya kamar na Italiya, silinda 6, lita 3, jiki duka alminiyum. Ayrton Senna, wanda a lokacin yake tuƙa motar tsere mai injin Honda, ya gwada ta a filin Suzuka ya ce ƙashinta na da rauni, suka koma suka ƙarfafa shi. Abin da ya girgiza Maranello ba gudunta ba ne. Motar tana tashi da safe ko da sanyi, iyakwandishan ɗinta na aiki, ana ganin hanya ta ko'ina, kulocinta ba ya gajiyar da ƙafa a cunkoso, kuma ba ta ɗigar da mai a ƙofar gida. Shekara da shekaru an saba wa masu kuɗi da cewa wahala ita ce kuɗin shiga, sai ga Japanawa sun nuna cewa yawancin wahalar sakaci ne kawai. Gordon Murray, wanda ya tsara McLaren F1, NSX ya riƙa hawa, kuma da ita ya auna laushin tafiyar motarsa. Luca di Montezemolo da ya karɓi ragamar Ferrari a 1991 bai ɓoye rashin gamsuwarsa da 348 ba, motar da kamfanin ke sayarwa a lokacin, ya sa aka yi F355 a 1994. Audi ta sayi Lamborghini a 1998, Gallardo da ta biyo baya a 2003 aka ƙera ta fiye da 14,000 cikin shekara goma, alhali Countach a shekara 16 ba ta cika 2,000 ba.

Na ga ragowar tsohuwar sana'ar da idona ta dalilin wani ƙanena, ɗan ƙanwar mahaifiyata da ya tashi a zangon Kumasi. Yana cikin dubban 'yan Ghana da ke zaune a lardin Modena, yana aiki a masana'antar tayil a Sassuolo, ƙasa da kilomita goma daga Maranello. Shi ya kai ni wani gareji a bayan gari, wurin wani dattijo da suke gaisawa. A tsakiyar garejin ga Ferrari Testarossa an ɗage ta sama, cikinta wayam, injin da giyarsa da ƙafafun baya duk suna ƙasa a kan gadon ƙarfe. Na ɗauka haɗari ta yi. Ashe bel ɗin taimin kawai za a canza, roba ce da ba ta kai kuɗin taya ɗaya ba, amma ba a isa gare ta sai an sauke injin gaba ɗaya, kuma ko an hau motar ko ba a hau ba, bayan 'yan shekaru sai an sake. A gefe kuma yana daidaita kafireta huɗu na wata Ferrari 308. Ya ɗauki guntun tiyo, ya sa baki ɗaya a kunnensa, ɗayan a maƙogwaron kafireta, yana sauraren shaƙar iska, yana juya sukuru kaɗan-kaɗan, ya matsa na gaba, ya dawo na baya, har muryoyin suka zama ɗaya. Yatsunsa sun yi baƙi har cikin farce. Na sa a tambaye shi ko mai motar na yawan hawanta. Ya yi dariya ya faɗi wata magana, ƙanena ya juyo ya ce, "Yaya, wai ya ce shi ya fi mai ita sanin ta. Mai ita rani kawai yake zuwa ya ɗauka, kafin sanyi ya maido." Na ce yara fa, akwai masu koyo? Dattijon ya nuna wani saurayi da ke can ƙurya riƙe da kwamfuta ya jona ta a jikin wata sabuwar mota, ya ɗaga kafaɗa.

Tun daga ranar nake kallon tsohuwar motar ƙawa a matsayin dokin hawan sallah: shekara guda ana ba shi dawa da harawa, ana wanke shi, ana biyan mai kula da barga, don fitar kwana uku ko huɗu. Ba wauta ba ce, wanda ya taɓa ganin hawan daushe ya san abin da ake saye da wannan ɗawainiyar. Sai dai ba a ɗora masa buhun gero. Saboda haka duk wanda ya tambaye ni wacce zai saya, ba na tambayarsa nawa gare shi, ina tambayarsa wane ne bakanikensa, shekarunsa nawa, kuma tafiyar awa nawa ce tsakaninsu. In amsar ta yi rawa, to ya sayi sabuwa. Ferrari ma tun 360 Modena ta 1999 ta buɗe ƙofa a bayan kujeru don a canza bel ba tare da sauke inji ba, F430 ta 2004 kuma ta koma sarƙa. Sabuwar Porsche 911, ko ma Toyota mai ƙofa biyu, za ta bar Miura a baya a hanya mai kwana, ta tsaya in an taka birki, ta kare ran mai ita in an yi karo. Mu da muke fama da ramuka da tudun rage gudu da ƙura da gurɓataccen fetur, maganar ma ba ta taso ba. Motar da cikinta ke shafar ƙasa ba ta da inda za ta a mafi yawan unguwanninmu.

Kamfanonin kansu sun riga sun zaɓa. Porsche ta fito da jif ɗinta Cayenne a 2002, masu son gargajiya suka yi ta tsaki, ita kuwa ta cika asusu. Lamborghini ta bi sahu da Urus a 2018, a kan ƙashi ɗaya da Audi Q7, kuma a 2023, shekarar da ta fara sayar da mota fiye da 10,000, wajen 6,000 Urus ne. Ferrari da aka daɗe ana cewa ba za ta yi mai ƙofa huɗu ba, ta yi Purosangue a 2022. A ɗaya hannun kuma sun gane tsofaffin ma haja ne: Ferrari ta buɗe sashen Classiche a 2006, Lamborghini ta buɗe Polo Storico a 2015, suna gyarawa, suna ba da takardar shaidar cewa injin da bodin na asali ne, takardar da kan ɗaga farashi sosai.

Giyar hannu ita ce ta ƙarshe da ta tafi. Wajen 2012 Ferrari ta daina yin mota mai kuloci a ƙafa, domin kusan ba mai nema. Kowa ya koma taɓa ɗan ƙarfe a bayan sitiyari, kwamfuta ta canza masa giya cikin ƙiftawar ido. Yanzu 'yan tsirarun F430 da aka yi da giyar hannu sun fi 'yan'uwansu tsada nesa ba kusa ba a kasuwar gwanjo, har an sami garejoji a Amurka da Ingila da sana'arsu ke nan: attajiri ya kawo Ferrari mai canza giya da kanta, ya biya dubban daloli, a cire na'urar, a huda ƙasan motar a dasa masa feda ta uku.