Gidan Samariya: Masaukin da Gayya Ta Gina

A shekarun 1970 da 1980, baƙon da dare ya riska a ƙauyukan Maraɗi ba ya rasa makwanci. In zauren mai gari ya cika, sarkin samari ne zai san inda za a shimfiɗa masa tabarma.

Samariya tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa, tun kafin zuwan Nasara: samarin gari da sarkinsu, su ne ƴan gayya, su ne masu tarbar baƙi. Da Seyni Kunce ya kifar da gwamnatin Diori Hamani ranar 15 ga Afrilun 1974, ya soke jam'iyyar PPN-RDA, ga kuma fari ya cinye dabbobi da rumbuna. Yana neman hannun da zai kai shi kowace unguwa ba tare da jam'iyya ba, sai ya ɗauko samariya ya sa mata rigar hukuma. Daga unguwannin birnin Maraɗi har Tibirin Gobir da Jiratawa, kowane yanki da shugabanninsa, maza da mata.

Waɗanda suka yi zamanin, aikin suka fi tunawa. Ba a biyan kowa ko dala. Da rani ake kwaɓa ƙasa da ciyawa a buga tubali, ƴan mata na jigilar ruwa da tuluna, makaɗi na tsaye bakin kududdufi yana kirarin wanda ya fi zafin nama, yana yi wa rago habaici har ya ji kunya ya tuɓe riga. Kafin ruwan farko a yi yaɓe, a gyara indararo. Haka aka tayar da azuzuwan makaranta da ɗakunan shan magani, haka aka tayar da gidajen samariyar kansu, inda ake gwajin wasan kwaikwayo da waƙoƙin da za a kai gasar matasa ta ƙasa, inda kuma ƴan wasan wani gari ke sauka. A yunwar 1984, wadda mutanen Maraɗi suka laƙaba wa suna El-Buhari saboda rufe iyakar Najeriya da gwamnatin Buhari ta yi, an buƙaci kowane hannu na samariya.

Sai dai gayyar ba duka ta ganin dama ba ce. In babban baƙo zai zo daga Yamai, dole a fito a jeru cikin rana ana tafi, kuma mutane sun san kunnen hukuma yana cikin taron.

Wannan jingina da hukuma ce ta kayar da samariya. Kunce ya rasu a Nuwamban 1987, Ali Saibu ya shigar da samariya cikin tsarin jam'iyyar MNSD a 1989, taron ƙasa na 1991 kuma ya tabbatar da tsarin jam'iyyu barkatai. Babu mai son a kira shi ɗan tsohon mulki. Samarin da a da kalangu ɗaya ke tarawa suka rarrabu, kowa da tutarsa, na bayansu kuma suka kafa fada-fada a bakin titi, suna dafa shayi suna jiran aiki.