Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Shirin Farautar Farko a Tarihin Mahalban Nijar

Gabatarwa

Unguwar Bukoki ta birnin Yamai ta samo sunanta ne daga kalmar Hausa, wato bukkoki, domin baƙin da suka fara zama a wurin, tun yana bakin gari, bukkokin kara da zana suka kakkafa. Daga cikin mazaunanta na yau akwai waɗanda kakanninsu suka fito daga Arewar Dogon Dutsi da Adar da Gobir da Katsinar Maraɗi, ƙasashen da halbi ya kasance sana'ar gado a cikinsu. A kasuwar Katako da ke gefen unguwar, ƴan magori kan baza ƙahoni da guntayen fatu da sassaƙe don masu neman magani, amma da wuya a sami matashin da zai faɗi sunan dabbar da ta ɗauki ƙahon, balle yadda aka kai gare ta. Wannan maƙala za ta waiwayi ɓangare ɗaya na wannan sana'a, wato shirin da saurayi kan yi kafin ya fita neman babban nama a karon farko, domin a cikin wannan shiri ne ilimin mahalba ya taru.

Matsayin mahalbi da babban nama

Tarihin garuruwa da dama na ƙasar Hausa da maƙwabtanta yana farawa ne da mahalbi. Littafin tarihin Kano ya siffanta Barbushe da cewa gawurtaccen mafarauci ne mai kashe giwa da sanda. A Yamai kanta, ɗaya daga cikin tsofaffin unguwanni ita ce Gawai, sunan da ya fito daga kalmar Zabarmanci mai nufin mahalba, kuma shi ne babban otel na bakin kogi ya gada. Mahalbi ne kan riga kowa sanin inda ruwa yake da inda ƙasa ke da albarka, saboda haka manomi da makiyayi bayansa suke bi.

Hausawa sun bambanta farauta da halbi. Farauta ta gayya ce: samari kan fita da rani da karnuka da sanduna da makaɗa, su kamo zomo da zabi da gada. Halbi kuwa aikin ƴan gado ne, masu kwari da baka, waɗanda kan yi kwanaki a dokar daji suna bin sawun gwanki ko ɓauna ko raƙumin dawa. Gwanki shi ne ma'aunin sabon mahalbi. Nauyin babban namiji kan kai kilo 250 zuwa 300, ƙahoninsa sun lanƙwasa baya, kuma idan ya ji rauni yakan juyo ya fuskanci wanda ya halbe shi. Ba banza ba ake yi masa kirari da gwanki sha bara.

Shekarun koyo

Shirin fitar farko yakan fara ne tun yaro yana ɗaukar wa mahaifinsa gora. A nan yake koyon karatun sawu: ya bambanta kofaton gwanki da na kanki, ya gane sawun jiya da na yau, ya duba kashin dabba ya san abin da ta ci da lokacin da ta wuce. Yakan koyi tafiya iska tana bugun fuskarsa, don kada ta kai wa nama warinsa. Yakan koyi sanɗa da burtu, wato ɗaura kan tsuntsun nan a goshi, a sunkuya ana kwaikwayon tafiyarsa har a kusanci garke, tun da dabbobi sun saba da ganinsa yana kiwo a tsakaninsu. Kibiya ba ta cin nisa kamar harsashi, don haka wanda bai iya matsowa kusa ba bai iya kome ba.

Haka kuma yakan haddace itatuwa da saiwoyi: na saran maciji, na tsayar da jini, da makarin dafi idan tsautsayi ya sa kibiya ta karce shi. Wannan ne dalilin da ya sa mahalbi ya zama mai magani a gari, kuma wannan reshe na sana'ar ne ya fi daɗewa, har ya iso rumfunan Katako.

Kayan aiki da dafi

Idan uba ya gamsu ɗansa ya isa, sai a shiga haɗa kaya. Maƙeri ya ƙera kan kibiya mai kunne, a ɗaura shi a jikin kyauro, a murza tsirkiya daga fata, a ɗinka kwari da warki. Mafi nauyin aiki shi ne dafa dafi. Tushensa ƴaƴan kwankwani ne, tsiron da dafinsa ke tsayar da bugun zuciya. Akan dafa shi a bayan gari, nesa da mata da yara, tare da sharuɗɗan tsarki da kame kai, kuma kowane gida da nasa mahaɗin da ba ya faɗa wa bare.

An yi sa'a wani Bafaranshe, Jean Rouch, ya ɗauki irin wannan shiri a majigi a wurin maƙwabtan Hausawa. Fim ɗinsa mai suna La Chasse au lion à l'arc, wanda ya shafe shekaru kusan bakwai yana ɗauka kafin ya fito a 1965, ya nuna mahalban Sanwai na yankin Yatakala, kusa da iyakar Mali da Burkina Faso, suna ƙera kibau, suna dafa dafi, suna kafa tarko, kafin su tunkari zakin da ya addabi shanun Fulani. Kafin wannan, a farkon shekarun 1950, ya ɗauki Bataille sur le grand fleuve, inda Sarkawan wajen Ayoru suka sassaƙa babban jirgi, suka tanadi masu, suka nemi yardar iskar kogi, sannan suka fita neman dorina. Duk wanda ya kalli waɗannan finafinai zai lura cewa kwanakin shiri sun ninka na arangama nesa ba kusa ba.

Neman izini

A tunanin mutanen da, daji yana da masu shi, kuma ba a shigarsa da ka. A ƙasashen Azna, irin su kwarin Maraɗi da Masalata ta kusa da Birnin Ƙonni, akan yi bikin buɗin daji bayan an kwashe amfanin gona, kuma kafin wannan rana daji a rufe yake. Guy Nicolas, wanda ya yi nazari mai zurfi kan Hausawan Maraɗi, ya yi rubutu a kan waɗannan bukukuwa da matsayin dangin mahalba a cikinsu. Ko mene ne ra'ayin mutum game da aƙidar da ke ƙarƙashin bikin, amfaninsa a fili yake: damina, lokacin da ciyawa ta rufe ƙasa kuma dabbobi da yawa ke renon ƴaƴa, ta zama lokacin hutun daji.

Bayan haka akwai izinin manya. Sabon mahalbi kan je gaban Sarkin Baka ko Sarkin Dawa ya faɗi inda ya nufa, a ba shi shawara da laƙani, a haɗa shi da wanda ya san wurin. An yi imani cewa wasu namun daji suna da ƙwari, ma'ana suna iya cutar da wanda ya kashe su ko bayan sun faɗi, don haka ba a barin yaro ya tunkare su sai an dafa shi da magani. Wannan tsoro ya zama shinge: ba kowa ke halbin kowace dabba ba. Fatar zaki da ta damisa kuwa ta sarki ce, ba ta kasuwa ba.

Musulunci ya zo da nasa ƙa'idojin. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda ake karantawa a zaurukan malamai daga Sakkwato har Damagaram, ya nuna cewa farauta don wasa kawai makaruhi ce, don buƙata kuwa halal ce. Ya wajabta ambaton sunan Allah yayin sakin kibiya ko kare, da yanka dabbar idan an riske ta da sauran rai. Ta haka wuƙa mai kaifi da bisimilla suka shiga cikin kayan mahalbi, kusa da layu da guraye.

Hanya, ruwa da nama

Sauran shirin na lissafi ne. A dajin rani, ƙishirwa ta fi zaki kisa, don haka akan tsara tafiya daga tabki zuwa rijiya, a cika salka, a ɗauki gumba da ƙuli-ƙuli da ƙyastu. Gwanki dabba ce mai yawan zuwa mashaya, saboda haka wanda ya san ruwan da bai ƙafe ba ya san inda zai yi kwanto. Sannan akwai tambayar da sabon shiga kan manta: idan nama ya faɗi, yaya za a kai shi gida? Mutum biyu ba su ɗaukar kilo ɗari biyu a ka, kuma zafin rana ba ya jira. Dole a feɗe nan take, a yanke wurin da kibiya ta shiga a yar, a yayyanka sauran, a kafa ragaya a yi banda da hayaƙi, a tanadi jakin dako. Idan an iso gari, a fitar da rabon sarki da na maƙeri da na maƙwabta, makaɗin komo ya wasa sabon gwani. Barin nama ya ruɓe a daji abin kunya ne ga mahalbi da gidansu.

Wannan damuwa ba ta Hausawa kaɗai ba ce. A Alaska ta ƙasar Amurka akwai wata ƙatuwar dabba dangin barewa da ake kira mus, wadda kan haura kilo 600, kuma dokar can ta ɗauki barin namanta a daji a matsayin laifi. Abin da suka rubuta a takarda, mahalban Sahel sun riƙe shi da kunya da tsoron manya.

Yadda zamani ya sauya shirin

Zuwan Turawa ya ƙara wani mai ba da izini, wato gwamnati. Yarjejeniyar Landan ta 1933 kan kare namun dajin Afirka ta nemi a hana amfani da makami mai dafi da kewaye dabbobi da wuta. Faransa ta kafa dokar farauta ga yankunan da take mulka a 1947, ta mai da dajin W, mai nisan kimanin kilomita 150 kudu da Yamai, gandun ƙasa a 1954, sannan aka keɓe na Gadabeji a 1955. Mahalbin gado ya wayi gari sana'ar kakanninsa ta zama laifi a wasu wurare, alhali mai bindiga da mota da takardar izini yana kashe a wuni ɗaya abin da gari ba ya kashewa a shekara.

Daga nan sai fari na 1968 zuwa 1974 da na 1984 suka ƙone makiyaya, gonaki suka cinye dazuzzukan da ke tsakanin garuruwa, mutanen karkara suka kwararo birane, unguwanni irin su Bukoki suka cika. A 1974 Nijar ta rufe farauta baki ɗaya, kuma sai bayan shekaru fiye da ashirin aka sake tsara ta, da doka mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilu 1998, wadda ta kasa izini kashi-kashi, har da na farautar gargajiya. Amma ɓarna ta riga ta yi nisa. A shekarar 2000 aka bayyana cewa mariri ya ƙare a daji a duk duniya, sai a 2016 aka fara mayar da shi dajin Chadi daga waɗanda aka kiwata a waje. Raƙuman dawa na Kure sun ragu zuwa 49 a 1996, kafin kulawar hukuma da ta mutanen ƙauyuka ta maido da su sama da 600. Shi kuwa gandun W, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin kayan gadon duniya a 1996 kuma yake cikin mafakar gwanki da ɓauna ta ƙarshe a ƙasar, rashin tsaro ya sa shigarsa ta yi wuya tun wajen 2020, shekarar da aka kai harin Kure na ranar 9 ga Agusta wanda ya ci rayukan mutum takwas.

Kammalawa

Yaron da aka haifa a Bukoki yau, in ya ga zaki, to a gidan tarihi na Bubu Hama ya gan shi, cikin keji. Ba mai fatan a mayar masa da kwari da baka ya je ya ƙarasa ɗan abin da ya rage. Sai dai shirin da kakansa ya yi kafin fitar farko ya ƙunshi abubuwan da ƙasa ke nema ruwa a jallo: sanin sawu da mashaya, sunayen itatuwa da amfaninsu, lokacin da ake buɗe daji da lokacin da ake rufe shi, da tarbiyyar da ke hana ɗaukar abin da ya wuce buƙata. Masu tsaron gandun daji da masu ƙidayar dabbobi da masu yi wa baƙi jagora duk wannan ilimi suke aiki da shi.

Tsofaffin da suka san shi kuwa ƙarewa suke yi ɗaya bayan ɗaya. Yamai na da cibiyar CELHTO, wadda aka kafa tun 1968 don tattara tarihin baka, tana kuma da cibiyar bincike ta IRSH. Abin da ya rage shi ne malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu su shiga unguwanni, su zauna gaban dattawan gidajen mahalba da na'urar ɗaukar magana, su rubuta sunayen dabbobi da kirarinsu, da na tabkunan da suka ƙafe, su shigar da su cikin darussan harshen gida. Wannan aiki ma irin na fafe gora ne: wanda ya jira ranar da zai buƙace shi, zai tarar masu sanin sun riga sun tafi.