Dokin Ƙarfe Na Hannu: Tarihin Cinikin Tsohon Babur A Wagadugu

A bakin titin da nake bi kullum da asuba zuwa gidan rediyo, nan unguwarmu ta Cissin, akwai wata rumfar kwano da ba ta fi faɗin ɗaki biyu ba. Babura goma sha wani abu ne jere a gabanta, an wanke su tas, an goge tayoyin har suna ƙyalli. Babu sabo ko ɗaya a cikinsu. Jarin mai rumfar, bayan baburan, bai wuce benci da butar shayi da wani tsohon littafi da yake rubuta sunan mai saye da mai sayarwa ba. Irin wannan rumfa tana nan a kowace unguwa ta Wagadugu, ban da babbar kasuwar babura da ke kusa da Théâtre populaire, kuma a irinta ne talakawa da yawa suke samun abin hawansu na farko.

Mai karatu na Kano ko Maraɗi zai iya cewa, to mene ne abin labari a cinikin tsohon babur? Sai ya san garin tukuna. Wagadugu gari ne shimfiɗaɗɗe, babu tudu babu gangare, gidajensa na ƙasa ne, ya yi ta faɗi yana cin ƙauyukan da ke kewaye da shi. Motocin safa ba su taɓa isar jama'a ba, korayen tasi kuwa sai an haɗa ka da mutum biyar. Sannan sana'ar acaɓa, wadda 'yan Nijar ke kira kabu-kabu, ba ta taɓa kafuwa a nan yadda ta kafu a Kano ko Kwatano ba. Kowa da nasa. Malamin makaranta, mai sayar da nama, ma'aikaciyar asibiti, tsohuwa mai kai kabeji kasuwa da goyon jikanta a baya, duk a kan ƙafa biyu suke. Tun 1985 Idrissa Ouédraogo ya yi ɗan gajeren fim a kan wannan hali na garin, ya sa masa suna Ouagadougou, Ouaga deux roues, wato Wagadugu mai ƙafa biyu. Wanda ba shi da moto, kamar yadda muke kiran babur a nan, aikin da zai iya karɓa ma ƙididdigagge ne.

Jim kaɗan bayan samun 'yancin kai a 1960, lokacin ƙasar tana amsa sunan Haute-Volta, aka kafa wata masana'anta a Bobo Julaso mai suna IVOLCY, tana harhaɗa kekuna da ƙananan babura da kayan da ake kawowa daga waje. Bayan Thomas Sankara ya sauya wa ƙasar suna a 1984, ita ma ta koma SIFA. Daga nan ne abubuwan hawa biyu da suka yi sarautar titunanmu suka riƙa fitowa. Na farko shi ne Peugeot P50, ɗan siririn mobilet mai feda kamar keke, wanda sai ka tuƙa fedar da ƙarfi kafin injin ya kama, yana shan fetur gauraye da baƙin mai. Na biyu Yamaha V80, wanda kowa ya sani da Yamaha dam, don mace na iya hawansa da zane ba tare da ta ɗaga ƙafa ba. P50 na ƙaramin ma'aikaci ne. Yamaha dam kuwa, idan mutum ya saya wa matarsa, sai an yi mako ana zancen a unguwa.

A wancan zamani gwamnati tana kare masana'antar gida da harajin shigo da kaya, masu sayar da sabo kaɗan ne, kuɗinsa kuma da nauyi. Ma'aikacin gwamnati yakan ɗauka bashi, a riƙa cirewa daga albashinsa wata-wata har shekaru. Ɗan kasuwar Zango da ba shi da takardar albashi, babu mai ba shi wannan bashin. Hanyarsa ɗaya ce: ya tara kuɗi ya jira wani ma'aikaci ya matsu. Haka mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya sami P50 ɗinsa kafin a haife ni, daga hannun wani malamin makaranta da aka yi wa canjin wurin aiki. Shekara goma sha huɗu yana hawansa, a kansa aka riƙa kai ni makarantar allo da ta boko, kuma ranar da ya sayar da shi don auren yayata, abin da aka ba shi bai yi nisa da abin da ya biya ba. Babur a lokacin ajiya ne, kamar saniya ko zinaren mata. Kayan gyaransa iri ɗaya ne shekara da shekaru, kowane makanike ya san cikinsa kamar yunwar cikinsa, don haka tsufa ba ya kashe masa daraja.

Wanda ya haɗa mahaifina da malamin nan dillali ne, kuma dillancin ya girmi babur nesa ba kusa ba. Fataken Hausa da ke zuwa Gwanja sayen goro ta ƙasar Mosi wasunsu ke ratsawa, da jakunansu da kanwa da tufafi, wasu suka yada zango suka zauna. Unguwar da suka kafa a tsakiyar Wagadugu ita ce Zangwetin, sunan ma daga zango ya fito. A can aka gaji tsarin mai masauki da dillali: baƙo ya kawo doki ko shanu, dillali ya nemo mai saye, ya tsaya tsakani ana tayi ana albarka har a sallama, ya karɓi la'adarsa. La'adar nan ba ladan surutu ba ce kawai. Idan daga baya dabbar ta zama ta sata, wuyan dillali za a kama, shi kuma ya san gidan da ta fito. Da babur ya zo, sai aka ɗora shi a kan wannan tsari yadda yake. A ƙasar da sunan Wedraogo ke nufin ingarma, ƙungiyar ƙwallon ƙafarta ma Ingarmu ake ce mata, ba abin mamaki ba ne dokin ƙarfe ya gaji kasuwar doki. Mai duba haƙori ya koma duba hayaƙin salansa.

Abin ya fara girgiza a watan Janairun 1994, da aka karya darajar sefa da rabi. Duk abin da ake shigowa da shi daga waje kuɗinsa ya yi tsalle, kuma kayan da SIFA ke harhaɗawa daga waje suke zuwa. Sabon babur ya ƙara nisa da talaka. Masu rumfunan na hannu suka yi kasuwa a shekarun nan, makanikai kuma suka ƙware wajen tada matacce: a haɗa injin wannan da jikin wancan, a fesa fenti, a fito da shi kamar amarya.

Babban sauyin ya zo ne a farkon shekarun 2000, da baburan ƙasar Sin suka shigo. Kamfanin Mégamonde ya riƙa harhaɗa masu suna JC a cikin ƙasa, wasu 'yan kasuwa kuma suka gano hanyar zuwa Sin da kansu, kaya ya sauka a tashar ruwan Lome ya hauro arewa zuwa Sinkase, garin da ke kan iyakar Togo da Burkina. Siffarsu ta Yamaha ce, suna da madannin tayarwa, ga launi kala-kala, kuɗinsu bai kai rabin na asalin ba. Ɗalibi ya hau sabo, mai wankin mota ya hau sabo. SIFA ta yi ta fama har ta rufe a 2009, ma'aikatanta suka watse. Ni dai ban ga laifin talakan da ya zaɓi mai araha ba, ko da yake na san gidaje a Bobo da rufewar nan ta kashe wa tukunya.

A rumfar na hannu, wannan sauyi ya juya lissafi gaba ɗaya. Baburan farko da suka zo daga Sin ba su da juriyar P50. Shekara biyu ko uku robobin jiki sun farfashe, injin ya fara shan mai. Wanda ya sayi sabo yau, gobe idan ya kai shi rumfa an zabge masa kaso mai tsoka. Babur ya tashi daga ajiya ya koma kayan amfani, kamar wayar hannu. Samari masu hali suka shiga yayin canji, a hau Crypton shekara guda a sayar a ɗauki Sirius, a sayar a ɗauki 135. Kaya ya yi yawa a rumfuna, yana sauya hannu da sauri, har ya zamana dillali bai san mutum na farko da ya mallaki abin da yake sayarwa ba. Ga kuma na fasa-ƙwauri da ke tsallako iyaka ta hanyoyin daji ba su biya duwan ba, ga na sata da ake sauya wa lamba.

A daidai wannan lokaci ne kuma aka rasa ɗaya ƙafar da amanar ke tsaye a kai. A 2003 gwamnati ta rushe Zangwetin da unguwannin da ke maƙwabtaka da ita don aikin da aka kira ZACA, na gina sabuwar cibiyar kasuwanci. Aka ba mutane filaye a Nioko da gefen Ouaga 2000, wasu suka sayar suka bazu cikin gari, mu muka faɗo Cissin. Ina yarinta a lokacin, abin da na fi tunawa shi ne ƙura da ƙofofin gidaje jingine a kan amalanke. Sai da na girma na gane abin da ya tafi tare da katangun nan. A tsohuwar unguwa, dillalin da ya cuce ka za ku haɗu a masallaci sau biyar a rana, kuma akwai dattijon da zai kira ku duka biyu ya zaunar. Da aka watse, sai ka yi tafiyar kilomita goma sha biyar kafin ka ga wanda ya san uban mutum.

Abin da ya cike gurbin shi ne takarda. Yau mai sayen na hannu da ya san abin da yake yi, kafin ya taka kik sai ya ce a ba shi kar giris, wato katin mallaka. Ya duba takardar duwan da ke nuna an biya kuɗin shigowa, ya durƙusa ya goge lambar da aka buga a jikin ƙarfen ya gwada ta da ta katin harafi-harafi, sannan a rubuta takardar sayarwa a kai ofishin 'yan sanda a buga hatimi, da katin ɗan ƙasa na mai sayarwa. Babur mai lafiyayyen inji marar takarda ya fi mai tari da cikakkun takardu araha, kuma duk wanda ya ga arahar ta yi yawa ya san dalili.

Ni da kaina sai da na biya kuɗin wannan karatu. Da na fara aiki bayan na gama makarantar koyon aikin jarida, na sayi wani jan babur a wata rumfa, jika ɗari biyu da saba'in, wato sefa dubu 270. Na tafi da makanike, ya saurari inji, ya duba hayaƙi, ya girgiza ƙafar baya, ya ce lafiya lau. Babu wanda ya durƙusa a cikinmu. Sai da aka shiga sabunta katunan mallaka da lambobin ababen hawa na ƙasa baki ɗaya, na kai nawa, ma'aikacin ya nuna mini da bakin biro: inda katin ya ce 8, ƙarfen 3 ya ce, kuma an ga alamar guduma. Na kwana uku ban yi barcin kirki ba, don wanda aka kama da kayan sata ba a tambayarsa ko ya sani. Abin da ya cece ni takardar sayarwar nan ce mai hatimi, da kuma wani abokin mahaifina, tsohon ɗan Zangwetin, da ya sa babbar riga ya raka ni rumfar. Bai ɗaga murya ba. Ya tambayi mai rumfar sunan kakansa, ya ce ya san shi, a layin mahauta yake. Mutumin ya buɗe littafinsa ya nemo wanda ya kawo masa babur ɗin, ya mayar mini da kuɗina kashi uku cikin wata biyar, jika ashirin ba su dawo ba har yau.

Matsalar tsaro ta ƙara wa takardar nauyi. Masu ɗauke da makamai a arewa da gabashin ƙasar da babura suke kai hari, shi ya sa aka riƙa hana hawan wasu iri a yankuna da dama, kuma a 2022 gwamnati ta dakatar da shigo da manyan babura samfurin Aloba da Sanili da Fortune da sayar da su. Mutanen Kano sun ga makamancin haka a Janairun 2013, da aka hana acaɓa bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero. Mai rumfa a yau ya san idan abin da ya sayar ya ɓulla a inda bai kamata ba, ba dattijon unguwa ne zai zo nemansa ba, jandarma ne. Shi ya sa na bakin titinmu ba ya karɓar babur sai ya ɗauki hoton katin wanda ya kawo, kuma na ga ya mayar da wani yaro da ya zo da Sirius sabo fil yana neman rabin kuɗi.

Makon jiya na tsaya wurinsa shan shayi, sai na hango wani P50 shuɗi a can ƙarshen layi, fedarsa ɗaya ta karye. Na tambaye shi nawa. Ya ce na wani tsoho ne da ya rasu, 'ya'yan suka kawo, kuma katin yana nan da sunan mamacin, ba a taɓa sauya shi ba tun ranar da aka fito da shi daga Bobo. Mutum uku sun taya, ya ce, amma sai magada sun kawo takardar gado tukuna.