Alherin Allah da Tambayar da Haɗarin Wara Ya Bari

A watan Mayun 2021 jirgin ruwan da ya taso daga jihar Neja zuwa Wara, a ƙaramar hukumar Ngaski, ya nutse da fasinjoji fiye da 100. Kaɗan ne suka fita. Bayan irin wannan masifa, Kiristan da ya tsira yakan miƙe a majami'a ya ba da shaida cewa alherin Ubangiji ne ya kuɓutar da shi. Bai yi ƙarya ba. Amma gwauruwar da ke sauraronsa fa? Alherin ya tsallake gidanta ke nan?

A ganina kuskure ne a auna alheri da tsira. Wasiƙar Bulus ga Afisawa, sura ta 2, ta kafa ceto a matsayin kyauta, ba ladan aiki ba. A kan wannan ne Agustin na Hippo ya yi jayayya da Pelagiyas, har majalisar Kartaj ta 418 ta goyi bayan Agustin. Abin da ba cancanta ce ta jawo shi ba, ba zai zama shaidar fifiko ba. A Luka 13 ma, da Yesu ya ambaci mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya ƙi yarda cewa sun fi sauran mutanen Urushalima laifi.

Koyarwar tana da wuyar haɗiya a ƙasar da kyauta ke tafiya da ramuwa. Wanda ya kai gudummawar biki ya san ranarsa na zuwa. Ba mamaki mai bi, Bakambare ne ko Bagunge, ɗan cocin UMCA ko Katolika, ya ɗauki baiko da azumi tamkar zubin adashe, yana jiran kwasa daga wurin Allah. Wasu masu wa'azin arziki da wannan tunani suke cin abinci.

Akwai kuma masu fakewa da alherin su yi sakaci. Tun da madatsar Kainji ta tare ruwa a 1968, kututturan itatuwan da tafkin ya shanye suke fasa jirage. Matuƙin da ya labta buhuna da mutane fiye da kima, babu rigar kariya, ya ce Allah zai kiyaye, gwada Allah yake yi. A Romawa 6 Bulus ya hana a mai da alheri hujjar ci gaba da zunubi, kuma wasa da ran fasinja zunubi ne.