Gandun Tuddan Yashi na Indiana Ya Cika Shekara Ɗari

A 2025 gandun shaƙatawa na Indiana Dunes, mallakar jihar Indiana, da ke gaɓar kudu ta Tafkin Mishigan a Amurka, ya cika shekara ɗari da kafuwa. Saura ƙiris da waɗannan tuddai sun shiga tarihi.

A farkon ƙarni na ashirin, yashin wurin hajar kasuwa ne. Hoosier Slide, tudun da ya fi kowanne suna, jiragen ƙasa suka kwashe shi kaf zuwa masana'antun gilashi. Daga yamma kuma masana'antun ƙarfe na birnin Gary, wanda aka kafa a 1906, suna ta matsowa.

Wanda ya fara buɗe wa duniya ido shi ne Henry Cowles, masanin tsirrai na Jami'ar Shikago. A 1899 ya nuna yadda ciyawa ke fara kama yashi da saiwarta, sai ƙananan itatuwa su biyo baya, har daji ya rufe tudun. A 1916 wani jami'in gwamnatin tarayya, Stephen Mather, ya nemi a mayar da wurin gandun ƙasa, amma Yaƙin Duniya na Ɗaya ya sha gaban maganar.

Sai mata suka ɗaura ɗamara. Bess Sheehan ta haɗa kan ƙungiyoyin matan jihar, ta yi ta zarya a majalisar jihar ba gajiyawa, Richard Lieber, uban gandayen Indiana, yana mara mata baya. Haƙuri ya dafa dutse: doka ta fito a 1923, aka kafa gandun jihar a 1925, aka buɗe shi ga jama'a a 1926.

Gaskiya ne daga baya tashar jiragen ruwa da sababbin masana'antu sun cinye wasu tuddan da ke maƙwabtaka. Amma takaddamar da aka yi kan hakan ce ta haifi kariyar tarayya ga wasu tuddan da suka rage a 1966, yankin da ya zama gandun ƙasa a 2019.

A yau gandun jihar na da eka 2,182. Mai hawan Mount Tom, tudu mafi tsawo mai ƙafa 192, ƙafarsa na nutsewa cikin yashi a kowane taku, sai ya kai ƙololuwa ya ga ruwa iya ganinsa. Yaran garuruwan masana'antu nan suke fara sanin daji.

Magabata sun sauke nauyinsu. Ya rage ga maziyarta su tsaya kan hanyoyin da aka shata, su bar ciyawar da ke riƙe da tuddan ta rayu.